Ranar da Mahauci Ya Feɗe Babur

Ni dai a daina ce mini Ɗan Juma gwanin makanike ne. In ma za a faɗa, a bari sai na tashi daga wurin. Shekara da shekaru mutanen Mafara suna yabonsa, wai shi ne ya fara gyaran babur da farar riga, wai garejinsa ko tuwo ka yar a ƙasa sai ka ɗauka ka ci. To, ni ina wurin ranar da abin ya fara, kuma tunda ba mai tambayata, bari in faɗa da bakina.

Sunana Mamuda. Ɗan Juma taubashina ne, ɗan Gwaggo Tabawa ƙanwar babana, wadda aka kai aure Tsibiri gidan mahauta. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara "bawana" nake ce masa, shi kuma ya rusuna ya ce "ranka shi daɗe, ubangida mai wando ɗaya". Shi da wuƙa ya buɗe ido, bai san komai ba sai yanka da fiɗa. Ni kuwa shekara shida na yi a Gusau ina koyon gyaran babur, na sha mari, na sha zagi, na dawo da takardar shaida har da hatimi.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori. Turawan Italiya sun cika ƙasar da katafila, sun tare gulbi ta wajen Maradun, suna ta yanka hanyoyin ruwa har Bakura. Gonarmu ta gado tana cikin waɗanda aka ce kada a shuka sai an gama baje ƙasa. Damina biyu ba mu sa iri ba, rumbunmu ya koma ɗakin kaji. Na kafa rumfar gyara a bakin tasha, amma baburan garin duka ba su fi a ƙirga da yatsu ba, masu su kuma malaman makaranta ne, kowa gani yake ya fi ni ilimi. Ga matata Indo da cikin fari wata bakwai. Na riga na yanke shawara: in ban samu aikin kamfani ba a makon nan, ranar Talata in an tashi kasuwa zan hau motar albasa zuwa Ibadan, in bar ta ta haihu ba na nan. Wannan shi ne abin da ba na so, har cikin raina.

Sai ga labari cewa garejin kamfani yana neman makaniken babur mutum ɗaya. Na wanke rigata, na sa takardata a aljihu, na isa tun hantsi bai yi ba. Ina shiga ƙofa, wa zan gani zaune kan benci? Ɗan Juma, sanye da farar taguwa ƙal, ya rataya burgamin fatar da yake zuba wuƙaƙe.

Muka gaisa yadda ya kamata, na tambayi Gwaggo, na tambayi iyali, na tambayi gajiya da sanyin safiya, sannan na ce, "To bawa, nama ka kawo wa Turawa?"

Ya ce, "Wane nama? Hilani sun kwashe shanu tunda anka cinye musu fadama. Mako ukku ba mu ka da sa ba a Tsibiri. Aiki ni zo nema."

"Wane aiki?"

"Wanga na babur. Kukun Turawa ya sa sunana."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Kai da ko keke ba ka iya hawa?"

Ya ce, "Sa ma ban taɓa hawa ba, amma na san cikinai."

Mai kula da garejin wani dattijon Bature ne gajere mai ɗingishi. An ce a wata ƙasa ya taka baƙin mai a ƙasan gareji, santsi ya kwashe shi, ƙugunsa ya karye, tun daga ranar ya ɗauki gaba da duk wani abu mai ɗiga. Hausarsa kaf kalma biyu ce, "ba ɗigo", ita yake yi wa kowa da safe maimakon gaisuwa, har ma'aikata suka laƙaba masa ita ta zama sunansa. Simintin garejin nan kuwa ya fi ɗakin amarya sheƙi. Makanikai bakwai ya kora a wata huɗu, shi ya sa ranar mu biyu ne kawai muka yi ƙarfin halin zuwa.

Malam Audu tafinta ya tara mu ya yi bayani. Ga babura biyu manya iri ɗaya, irin waɗanda masu duba hanyoyin ruwa suke hawa, an gama zagaye da su yanzu. Kowanne an kafe shi a kan sabon farin alawayyo. Kowa zai canza wa nasa filta, wato matacin baƙin mai. Filtar irin wannan babur ba a waje take ba, tana can cikin inji, sai an tsiyaye mai, an kwance kaskon da ke ƙarƙashi mai noti goma sha huɗu, sannan a kai gare ta. Ga sifana, ga daro, ga sabuwar filta, ga sabon gaskit, wato takardar da ake sa wa bakin kasko don kada ya yi yoyo. Wanda alawayyonsa ya fi fita da haske, aiki nasa ne.

Na miƙa takardata. Ba-Ɗigo ya karɓa da yatsu biyu, ya ga tambarin babban yatsana na man inji a gefenta, ya miƙo mini abata ba tare da ya karanta ba. Tun daga nan ya kamata in gane.

Ni aka ce in fara. Kuma a nan zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne: so na yi in nuna sauri. A Gusau sauri shi ne gwaninta, maigidanmu agogo yake riƙewa. Na tura daro ƙarƙashi, na sa sifana, na kwance notin tsiyaya da yatsu. Ban taɓa inji na ji zafinsa ba. Man nan ya fito kamar tafasasshen kunu, ya ƙona ni, na saki notin, ya faɗa cikin daro, tsulum! Ɗigo shida suka fantsama kan alawayyo. Na san shida ne domin Ba-Ɗigo ya durƙusa ya ƙirga su da ƙarfi da yarensu.

Na ce a raina shida ba komai ba ne, bawan can ai tafki zai yi. Na bi noti goma sha huɗu na kwance su duka, amma kasko ya manne ya ƙi sauka. Na ɗan buge shi da gindin sifana, irin yadda muke yi. Ai kuwa sai ya sako gaba ɗaya, ragowar man da ke ciki ya bi hannuna har gwiwa, ya shiga hammata. Na kama filta da wannan hannun na murɗa. Ta suɓuce, ta faɗi, ta gangara a kan farin ƙyalle tana zana hanya, ta wuce ƙyallen, ta hau simintin Bature, ba ta tsaya ba sai da ta daki takalminsa.

Masu gyaran katafila duk sun ajiye aiki sun zo kallo. Na daure, na sa sabuwar filta, na kankare tsohon gaskit na sa sabo, na mayar da kasko, na lalubo notin tsiyaya a daro na mayar, na ɗaure noti goma sha huɗu tsaf, wannan kam ko maƙiyina ya san na iya. Saura abu ɗaya, in ɗauko galan ɗin sabon mai da ke can bayan ƙofar sito in zuba. Na miƙe, na ja da baya, sai ji na yi diddigena a cikin daro.

Kada Allah ya nuna wa Musulmi abin da na gani. Daro ya kife, mai ya malala, alawayyo ya koma kamar an tsamo shi daga marina. Ba-Ɗigo ya kama kansa da hannu biyu yana kiran sunayen da nake zaton na iyayensa ne. Ya nuna mini benci da yatsa. Malam Audu ya ce, "Ya ce ka zauna, kada ka taɓa komai, kada ka jingina da bango." Na je na zauna, takalmi ɗaya yana ƙwal-ƙwal, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka ce saura Ɗan Juma. Duk wannan abin da nake yi yana tsugune gefe, ya zuba mini ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Ya tashi, ya naɗe hannun taguwarsa, bai ma cire ta ba. Abu na farko da ya roƙa shi ne a taya shi juya babur ɗin ya fuskanci gabas. Malam Audu ya ce, "Don mi?" Ya ce, "Ni ban iya sa hannu ga dabba tana kallon yamma ba." Aka faɗa wa Bature, ya ɗaga kafaɗa, aka ja alawayyo da babur aka juya, mutane suna ta ƙunshe dariya.

Ya yi bisimilla, ya shafa tankin kamar mai lallashi, ya sa bayan hannu a cikin injin, ya janye. Sai ya koma ya tsuguna. Muka jira. Ya sake taɓawa, ya sake tsugunawa. Na kasa haƙuri na ce, "Kai bawa, kwana za mu yi a nan?"

Ya ce, "Ubangida, ai kai ka gwada muna abin da gaggawa ka yi. Bari shi dawo ɗumin jiki. In ya yi zahi shi ƙona ni, in ya huce shi daskare."

Da ya ji ɗumin ya yi masa, sai ya buɗe burgami. Na zaci wuƙa zai fiddo, sai ga ƙahon sa, wankakke, an datse tsininsa. Ya sa daro, ya sassauta noti da sifana, ya ajiye ta. Ya tara bakin ƙahon daidai ƙarƙashin notin, tsinin yana cikin daro. Sannan ya rinƙa murɗa notin da yatsu yana danna shi ciki, yana dannawa yana murɗawa, har ya ji zaren ƙarshe ya saki, sai ya fizge hannu sama, fit! Man ya bi ƙaho ya sauka cikin daro shiru, ko ƙara babu. Haka suke bi da jini zuwa rami in sun yanka sa a gidan biki, don kada a ɓata wa masu gida tsakar gida.

Mai ya tsiyaye ya koma ɗigo. Ni da tuni na wuce wurin. Shi kuwa sai ya kama sitiyarin babur ɗin da hannu ɗaya, ya ɗan karkata shi dama, wani man ya fito. Ya karkata hagu, wani ya fito. Ya jira har ɗigo ya ɗauke, ya share bakin ramin da ɗan tsumma, ya ce, "Yanzu ya gama shure-shure."

Kaskon ma bai bi ta hanyata ba. Ya kwance notin gefe ɗaya duka, na ɗaya gefen ya sassauta su kawai. Ya zaro wata 'yar siririyar wuƙar fiɗa, ya zura tsininta tsakanin kasko da inji, ya bi a hankali kamar mai raba fata da nama. Kasko ya buɗe baki ta kusurwa ɗaya, ragowar mai ya zubo ta nan cikin ƙaho. Sai da ya ƙare tas sannan ya cire sauran notin, ya sauke kasko a tafin hannu biyu ya ɗora a kan daro. A nan na ga cewa shekara shida ban taɓa tunanin yin haka ba.

Saura filta, ga ta a rataye cike da mai. Ya leƙa ya dube ta, ya yi murmushi, ya ce, "Ashe maɗaciya ce." Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ya san maɗaciya: in ta fashe, naman da ta taɓa ya tashi daga aiki, kuma yaron mahauta ba ya zama mutum sai ya iya cire ta lafiya. Ya sake sa hannu a burgami ya fiddo mafitsarar sa busasshiya, wadda aka murje ta yi laushi, irin da suke zuba kitse. Ya buɗe bakinta, ya sa wa filtar ita kamar hula, ya murɗa daga waje. Filta ta saki a cikin mafitsara, ita da manta duka. Ya tsuke bakin, ya ɗaure da zare, ya miƙa wa Ba-Ɗigo da hannu biyu kamar mai kai gaisuwa.

Daga nan ya bi abin da ya ga na yi, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya kankare tsohon gaskit da wuƙa, ya sa sabuwar filta da sabon gaskit, ya mayar da kasko, ya ɗaure noti goma sha huɗu da na tsiyaya. Ya ɗauke daro a hankali, ya kai shi nesa da ƙafar kowa, yana kallona. Ya goge ƙaho, ya sauke hannun riga, ya ce, "Alhamdu lillahi. Na gama."

Ba-Ɗigo ya sa tabarau, ya durƙusa da ƙugunsa mai ciwo, ya bi alawayyon nan da rarrafe daga wannan gefe zuwa wancan. Ya shinshina. Ya kama taguwar Ɗan Juma ya juya shi gaba da baya. Ko tabon ƙuda babu. Sai ga Baturen da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba yana dariya, yana sumbatar yatsunsa, yana cewa, "Ba ɗigo! Ba ɗigo!" Ma'aikata suka ɗauki tafi.

Ni kaɗai ne ban tafa ba, kuma ba don baƙin ciki kawai ba. Idona yana kan ƙofar sito. Galan biyu na sabon mai suna nan a bayanta, nawa da nasa, ba wanda ya taɓa su. An kore ni kafin in zuba nawa, saboda haka Ɗan Juma bai ga ana zubawa ba. A wurinsa aiki ya ƙare daidai inda nawa ya ƙare. Injin nan babu ko cokali ɗaya na mai a cikinsa, kuma murna ta rufe wa Bature ido, bai lura ba.

Malam Audu ya zo ya zauna kusa da ni, ya bar tazara saboda rigarsa. Ya ce a hankali, "Ka yi haƙuri, Mamuda. Da ma ya kuskure ko kaɗan ne, da kai za a ɗauka duk da ɓarnar da ka yi, don Bature ya ce yau dole a cike gurbin. Yanzu zai hau ya je Bakura ya dawo, in babur ya yi lafiya shi ke nan."

Bakura! Injin da ba mai ko gadar farko ba zai kai ba, zai ƙone ya cije. Ni na sani, don na taɓa ganin irinsa. Kuma in ya ƙone, ba wanda zai tambayi Mamuda, ni da aka ce in zauna kada in taɓa komai. Abin da ake bukata daga gare ni kawai shi ne in ci gaba da yin abin da aka sa ni. Shaiɗan ya zo ya zauna a tazarar da Malam Audu ya bari, ya ce mini: ka tuna Indo, ka tuna motar albasa, wa ya aike shi shiga sana'ar da ba ta gidansu ba?

Ba-Ɗigo ya sa hular kwano, ya hau, ya taka kik. Babur ya yi tari bai tashi ba. Wallahi ban ce komai ba. Ina faɗa ne don kada wani ya ɗauke ni waliyyi, bakina a rufe yake gam, har addu'a nake kada in buɗe shi. Bature ya sake takawa, babur ya sake yin tari. Na dubi Ɗan Juma. Yana tsaye ya rungume burgaminsa, bakinsa har kunne, sai ya juyo ya dube ni, ni da na yi masa dariya da safe, ya ɗaga mini gira wai in taya shi murna. Sakarai! Ko a ransa bai kawo cewa zan iya cutarsa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Bature ya taka na uku, inji ya kama, ya fara ruri. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ruga da takalmina mai ƙwal-ƙwal, ina buga sawu baƙi a kan simintin nan, na kai hannu na murɗe makulli, na juya na daka wa Ɗan Juma tsawa.

"Kai bawan banza! Jinin! Ba ka mayar masa da jini ba!"

Ya dubi daro, ya dubi babur, ya dube ni. Ya ce, "Ana mayarwa?"

"Sabo ake zubawa, dabba! Da me kake so ya yi tafiya?"

Ya ce, "To ni ina ni sani? Mu in munka zubar, mun zubar ke nan. Ka taɓa ganin an maida ma sa jini ya tashi?"

Garejin ya kece da dariya, har wani direban katafila ya zauna a ƙasa. Malam Audu yana fassara yana share hawaye. Ba-Ɗigo ya sauko, ya zaro sandar auna mai, ya ɗaga ta sama. A bushe take ƙayau. Fuskarsa ta yi ja har wuya, domin kowa ya gane shi ma ya manta. Na je na ɗauko galan na dangwarar gaban Ɗan Juma, na nuna masa ramin zubawa, na ce lita uku, in sanda ta nuna nan ka tsaya. Ya goge sawun hannuna daga jikin galan ɗin tukuna, ka ji rashin kunya, sannan ya kafa ƙahonsa ya zuba. Ko a nan bai ɗigar ba.

Bature ya ajiye sandar auna mai. Ya dubi farin alawayyo, ya dubi baƙin, ya dubi sawayena a siminti tun daga benci har gindin babur. Na sa rai, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina ko kafiri ne ai ya san wanda ya ceci injinsa. Ya yi magana gajera, Malam Audu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya ce Ɗan Juma ya zo gobe ƙarfe bakwai a auna masa kaki."

Ɗan Juma ya ce, "A'a, Malam, gaya mishi wanga shi a makanike. Ni ban san komi ba, da ba don shi ba da na kashe babur."

Aka fassara. Ba-Ɗigo ya amsa yana nuna galan, yana nuna hannun Ɗan Juma. Malam Audu ya ce, "Ya ce ya gani, kuma ya gode. Amma zuba mai, yanzu a gabansa aka koya maka cikin minti ɗaya. Hannun da ba ya ɗigarwa kuwa, shekara talatin yana koya wa mutane, bai samu wanda ya iya ba."

Ni har gobe ina cewa ba wannan ne kaɗai dalili ba. Ba mai son ya riƙa kwana yana tashi da mutumin da ya ga wallensa a gaban jama'a. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne, maganar tasa ma gaskiya ce.

A waje Ɗan Juma ya biyo ni yana rantsuwa ba zai zo goben ba. Na tsaya na ce, "In ka ƙi, kana zaton ni za su kira? Wani za su ɗauko daga Sakkwato, mu tashi a tutar babu mu biyu. Ka zo ka karɓi kakinka, kada ka sa in yi asara sau biyu." Ya buɗe baki zai yi godiya, na ce in ya kuskura ya gode mini sai na shafa masa hannuna a riga. Ya ja da baya da sauri.

Ranar Talata da la'asar na hau motar albasa. Indo ba ta zo tasha ba, mun yi sallama a gida, ta ƙi kuka a gabana, ni ma na ƙi. Ina zaune can saman buhuna, direba ya tayar, sai ga wani cikin sabon kaki yana keta kasuwa da gudu. Ya cillo mini ƙunshin kilishi, ya ce kada in damu da gida, muddin yana da rai Indo ba za ta nemi komai ta rasa ba. Mota ta fara tafiya yana bin ta. Na zaci wata maganar zumunci ce ta rage, na sunkuyo.

Ya ce, "Ubangida! Bature ya ce gobe in canza hulogi! Ina hulogi yake?"

Na zage shi tas, sannan na shiga kwatanta masa inda fulogi yake da ihu, gefen inji, inda waya mai kauri ta shiga, ka cire hular roba, ka murɗa hagu, kada ka ɗaure da ƙarfi. Yana gudu yana gyaɗa kai, mutanen kasuwa suna kallonmu, har muryata ta daina kai masa. Sai da muka wuce Maru na lura kuka nake yi, na bar shi ya zuba tunda ba wanda ya san ni a motar.

Na ce wata shida zan yi, sai ga shi na shekara biyu da rabi. Ɗan Juma ya cika alkawari, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya yanka ragon suna, shi ya feɗe, shi ya kai Indo asibiti ranar da yaron ya yi ƙyanda. Yakubu aka sa masa, sunan babana, a wasiƙa na ji.

Ranar da na dawo na tarar da su a zaure, Ɗan Juma ya taso daga aiki ya biyo ya ga gida, yaron yana wasa da hularsa ta kwano. Na ajiye kaya, na durƙusa, na buɗe hannu. Yaron ya dube ni, ya ja da baya, ya ruga ya ƙanƙame ƙafar Ɗan Juma ya ɓoye fuska a cikin kakinsa.

Ɗan Juma ya ce, "Kai, Yakubu, je ka mana. Babanka na."

Yaron ya ƙara ƙanƙame shi. Na daɗe a durƙushe da hannu a buɗe, sannan na miƙe na shiga da kayana ciki.